Rigar damisa a bakin ƙofa

Har yau ina tuna Talatar da manaja ya miƙo mini wata leda ya ce, "Gwada wannan, Hauwa."

Makarantarmu ce ta tura ni koyon aiki na mako biyu a wani ƙaramin wurin wasan yara cikin wani mol, wato babban rukunin kantuna, a unguwar Wangsa Maju ta Malesiya, bayan an sassauta kullen korona. Aikina goge kujerun lilo da sanitaiza da manna jan tef a kujerun da aka hana zama. In manaja bai sa hannu a takardata ba, babu maki.

Mutane ba sa zuwa. Kak Ros mai sayar da tikiti ta bayyana mini dalili. Irin wurinmu juyi kawai yake sayarwa, ka hau ka sauka. Manyan wuraren kuwa wata duniya suke ginawa, tun daga ƙofa har kofin shayi labari ɗaya ne, shi ya sa iyali ke yini a can.

Manaja ma ya san haka. Sai ya sayo ganyen roba, ya rataya allo: Dajin Afirka. Ni ce zan sa rigar da ke cikin ledar nan in tsaya a ƙofa ina kaɗa ganga.

Ya ce, "Ke 'yar Afirka ce, boleh lah, za ki iya! Yara za su so hoto."

Raina ya ɓaci. A unguwar Setapak ta nan Malesiya na girma, zaki ma a gidan zu na nan garin na fara ganinsa. Amma ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Na buɗe ledar kawai ina kallo. Rigar ruwan lemo ce mai baƙin ratsi.

Na ce a hankali ta cikin takunkumi, "Encik, ranka ya daɗe, wannan harimau ce. Damisarku ce ta Malesiya, wadda ke tambarin ƙasarku. Babu damisa mai ratsi a Afirka. Kai ya kamata ka sa."

Kak Ros ta yi dariya har tabaranta ya yi hazo. Manaja ya karɓe ledarsa.

Ranar Juma'a ya sa hannu, ya rubuta "ba ta da haɗin kai". Malamarmu ta rage mini maki biyar.

Na koyi cewa ganyen roba ba ya gina duniya, kuma wanda bai san dabbar da ke tambarin ƙasarsa ba bai isa ya mai da ni ado a ƙofa ba. Takardar na nan, ban goge komai ba.