Ranar da Na Wanke Kwamfutar Kawu

Akwai abin da mutum yake so ya manta, abin ya ƙi mantuwa. Nawa shi ne ranar da na je Kebbe gyaran kwamfutar kawuna, kuma da shi zan shiga kabari.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Tambuwal, ina kuma ji da kaina. Abin taƙamata wani filashi ne da nake ratayawa a wuya kamar laya. Na zuba masa cikakkiyar manhajar da ke tayar da kwamfuta, ta yadda ko tata ta mutu, in na soka shi sai ta tashi daga cikinsa. Aibinsa ɗaya: ba ya riƙe komai. Duk abin da ka ajiye a fuskar allonsa, da an kashe kwamfutar ya tafi. Na san wannan sarai, har wasu nake ja wa kunne a kai.

Kawu malamin firamare ne. Ya kira ni ya ce kwamfutarsa ta ƙi tashi, kuma a cikinta kaɗai yake da muryar Inna, mahaifiyarsa, wato kakata, wadda ta rasu. Ya ɗauke ta ne da waya tana lissafo kakanninmu da wuraren da suka zauna da shanu, tana yi tana tsokanata da "mijin nan nawa marar gemu". Wayar kuwa ta daɗe da faɗawa rijiya.

Na hau babur, na sha gargada, na isa bayan azahar. Maƙwabta suka cika zaure don ganin injiniya. Na soka filashi, na danna, kwamfuta ta haska.

"Ta tashi?" in ji Kawu.

"Haba Kawu, ai ni ne na zo."

Na buɗe rumbun ajiyarta, ga muryar Inna lafiya lau. Kawu ya matso ya ce, "Kunna min ita in ji, ɗana." Na ce ya bari in gama aiki tukuna, ai ba inda za ta. Na kwafo fayil ɗin na ajiye a fuskar allo. Da a nan na tsaya, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma ina jin ana ta "Kai, yaron ga shina da ilimi", sai kaina ya kumbura. Na wanke rumbun tas, na zuba sabuwar manhaja, na kashe kwamfutar, na zare filashi, na kunna.

Ta tashi da sauri kamar yau aka sayo ta. Babu komai a ciki.

Na mayar da filashi na sake tayar da ita. Allo fes. Na yi ta danne-danne har la'asar, alhali tun da farko na san abin da na aikata. Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wai za su yi alwala.

"Mi ya faru?" in ji Kawu.

Na faɗa masa. Sai ya nuna filashin da na riga na mayar wuyana.

"Ke nan ta shiga abin ga naka kahin ta ɓace?"

"Ta bi ta ciki, Kawu, amma ba ya riƙewa."

"To. Ba ni shi."

Na cire daga wuyana na miƙa masa. Daga baya na kai kwamfutar Sakkwato wurin waɗanda suka fi ni, suka ce sabuwar manhajar ta hau kan komai. Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Filashin yana cikin akwatinsa har yau, tare da carbin Inna.

Tun daga ranar ba na wanke rumbun kowa sai na ajiye kayansa wuri biyu, na kashe, na kunna, na gani da idona. In kuma mai kaya ya ce in kunna masa ya ji, sai in cire hannuna in kunna. Kawu sau ɗaya ya roƙa, na ce masa tukuna.