Zinariyar da Ke Cin Ƙarfe a Malbaza

Ƙyallinta na fara gani tun ban sauka daga kan moto ba: wata 'yar siririyar aba a hannun wani tsohon makanike, rawaya jawur kamar ɗan kunnen amarya. Zuciyata ta buga. A littattafan soyayyar da nake karantawa, haka ake haɗuwa da rabo.

Mun tashi daga Badagishiri bayan sallar asuba, ni da yayana, injin ban ruwansa ɗaure a tsakaninmu. Wani bulon ne, wato ƙusa mai zare, ya karye a cikinsa, albasar yaya kuwa ta fara kwantawa don ƙishi. Masu gyaran garinmu sun gwada huda guntun, abin hudarsu ya dakushe. A Tsarnawa muka sha shayi da burodi. Daga nan muka bi bayan manyan motocin siminti har Malbaza, itatuwan bakin hanya duk sun yi furfura da ƙura.

"Baba, zinariya ce?" na tambayi tsohon.

"Zinariya mi? Yaro, da ita ce da ka ishe ni nan cikin baƙin mai?"

Yana ɗaura ta a na'urar huda yana yi mini bayani. Ya ce a masana'antar siminti ya yi aiki, can wani injiniya ya nuna masa garin wani ƙarfe, titaniyom, mai launin toka, ba kyan gani. In aka gasa shi a tanda da iskar nitirojin, wadda ke cikin iskar da muke shaƙa, sai iskar ta shige fatar kowace ƙwaya ta zauna. Launi ya koma rawaya, tauri ya ƙaru. Irin wannan fatar ce aka lulluɓe bakin abin hudar da ita.

Ashe toka ma tana zama amarya in ta sha wuta.

Na'ura ta fara kuka. Yaya ya tsuguna ya kama kansa, leɓɓansa na motsi. Ƙarfen da ya gagari kowa ya soma fitowa a nannaɗe kamar ɓawon lemo. Can muka ji ƙas! Bakin ya karye, amma guntun bulon ya riga ya faɗo ƙasa.

"Ita kaɗai gare ni," in ji tsohon, ya miƙo mini guntuwar. "Kai wa budurwarka."

Kafin la'asar mun koma gida, ruwa na gudu a kwamin albasa, ni kuma ina ta juya guntuwar a rana. Na dawo da sanin cewa akwai kyan da wuta ce kawai ke ba da shi.

Bayan shekaru idon tsohon ya mutu, ya koma ƙauyensu wajen Bazaga. Har yau buhun farko na albasar yaya can yake zuwa a amalanke. An ce sai ya shafa buhun ya tambaya, "Injin yana nan yana jan ruwa?"