Goggo Halo da Tauraro Mai Ja da Baya

Duk layin nan babu wanda ya san ta da wani suna sai Goggo Halo. Aikinta ne ya jawo mata. Shekara ashirin da shida ta yi a ofishin waya, zamanin da in mutum yana son magana da wani sai ya ɗaga kan waya ya jira muryar mace ta ce masa, "Halo, wace lamba?" Sau da yawa muryar nan tata ce. Har ta tsufa, in aka yi sallama a ƙofarta bakinta kan suɓuce ta ce "Halo" kafin ta tuna ta amsa.

Tana 'yar shekara goma sha tara ta fara. Ɗakin aikin yana saman bene, dogo, taga ɗaya tak, da fanka uku masu juyawa kamar dole aka yi musu. Su takwas ne a jere kan dogayen kujeru, kowace da katon allo a gabanta mai ramuka fiye da ɗari da 'yan ƙananan fitilu. Fitila ta kama, a cusa bakin igiya a raminta, a ji lambar da ake nema, a cusa ɗaya bakin a wani rami. Haka tun ƙarfe bakwai har ƙarfe uku. Mai kula da su wata dattijuwa ce da suke kira Yaya Babba, tabarau rataye a wuya, ba ta ɗaga murya, amma in ta tsaya a bayan kujerarki sai kin ji gumi a tafin hannu.

A watanta na biyar aka yi wani mako da komai ya cakuɗe mata. Ta tashi da safe jiki kamar an yi mata duka, bas ya wuce ta kwana biyu a jere, ta haɗa wani lauya da mai sayar da taya, lauyan ya wanke ta tas. Lokacin shan shayi ta shige lungun bayan kabad ta fashe da kuka. Can Yaya Babba ta same ta.

"Share hawayenki, ƙanwata. Ba laifinki ba ne. Uɗaridu ne ya juya."

"Wane ne Uɗaridu, Yaya? Sabon injiniyan nan ne?"

Ran nan ne kawai ta taɓa ganin haƙoran Yaya Babba duka a waje. Da dariyar ta lafa, sai dattijuwar ta zaro wani ɗan littafi daga jaka, wanda ake aiko mata ta gidan waya duk farkon shekara. Ta ce Uɗaridu tauraro ne, shi ya fi kowanne kusa da rana, kuma sau uku ko huɗu a shekara yakan tsaya ya kama ja da baya har kusan mako uku. In ya yi haka, in ji masu littafin, saƙo yakan ɓata, magana ta karkace, jiki ya mutu.

"To me ake yi, Yaya?"

"Rage gudu ake yi. Kowace lamba ki maimaita ta sau biyu. Kada ki fara sabon abu, ki ƙarasa tsoho. Ki kwanta da wuri. Wanda ya gaya miki magana, ki ajiye amsarsa sai tauraron ya miƙe. In har kin tuna ta a lokacin, ki ba shi."

Rabin zuciyarta ne ya yarda, amma ta gwada. Ta kuwa ga sauƙi. Amsoshin da ta ajiye ko ɗaya ba ta tuna ba.

Shekara ta zagayo, cikin wani ja da bayan, wani akawun tashar jirgin ƙasa ya nemi ofishin kaya. Duk da maimaita lambar da take yi, sau uku tana haɗa shi da gidan burodi. Da yamma, tana saukowa daga bene, ta tarar da wani dogo siriri a bakin matakala yana tambayar mai gadi, "Ina wadda take ta aika ni sayen burodi tun safe?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce, Malam. Ka yi haƙuri, tauraro ne."

Ya zo da faɗansa a baki, amma jin haka sai ya dafa ƙarfen matakala yana dariya har da tari. Washegari ya dawo da burodi guda a takarda, ya ce tunda ta matsa ga shi ya sayo. Bayan wata takwas aka yi aurensu.

Bai taɓa yarda da zancen tauraron ba, ko sau ɗaya. Yakan ce, "Halo, ki ji tsoron Allah. Tauraro halitta ne kamar ni da ke, ina ya ga ƙarfin ɗora wa mutum gajiya?" Ita kuma ta ce, "Ni ban ce yana da iko ba, Malam, iko na Allah ne. Hadari ma halitta ne, amma jiya da ya taso wa na gani yana gudu don ya kwashe shanya?" Sai ya girgiza kai ya ɗauki jakar cefane, domin a makonnin nan shi ke zuwa kasuwa.

Akwai kalanda a bayan ƙofar ɗakinsu. Duk farkon shekara takan kwafo ranakun daga littafin Yaya Babba ta ja musu layi da jan biro. 'Ya'yanta huɗu da wannan jan layi suka tashi, kuma in gaskiya za a faɗa, sun fi son makonnin nan a kan sauran shekarar. Mama ba ta tsayawa ko'ina, daga ofis sai gida. Ba ta yi wa kowa tsawa. Ko allura ba ta sayen sabuwa. Takan zube kwandon ɗinki a tsakar ɗaki, ta mayar da maɓallan da suka fita tun bara, ta like littattafan makaranta da suka yage, ta fito da gwangwanin hotuna tana faɗa musu wane ne wane. Rediyo ƙasa-ƙasa, shayi a babbar buta, kowa ya kwanta da wuri. Babban ɗan ya taɓa fasa madubin kabad ya rufe da tawul har kwana shida, yana jiran jan layi ya kama kafin ya faɗa. Ta gane dabarar sarai, ta dube shi ta ce, "Ka ci sa'a, ja'iri." Da tauraron ya miƙe kuwa ta manta.

Sannu a hankali zamani ya ci aikin. Aka kawo injina masu haɗa layi da kansu, kujeru takwas suka koma huɗu, huɗu suka koma biyu, ran nan aka kira su aka yi musu godiya. Yaya Babba ta riga ta rasu, Goggo ce ta ci gaba da samo littafin, daga baya kuma wani jikanta ya koya mata duba ranakun a wayar hannu. Malam ya yi ritaya, suka yi shekara tara suna musunsu a kan benci ɗaya, sannan ya kwanta ciwon kwana huɗu ya tafi. Yara suka watsu, kowa da iyalinsa. Auta kaɗai ta rage a garin, nas ce a babban asibiti, tana aure a can ɗaya gefen.

Tana da shekara sittin da takwas wata gajiya ta sauko mata irin wadda ba ta saba da ita ba. Ta duba bayan ƙofa ta ga jan layi ya kama, sai hankalinta ya kwanta. Auta ta kira ta ce, "Mama, muryarki fa ta yi ƙasa."

"Tauraro ne, 'yar nan. Saura kwana goma sha biyu."

Kwana goma sha biyu suka cika, gajiya ta ƙaru. In ta ɗebo ruwa rabin bokiti sai ta zauna sau biyu kafin ɗaki. Kunnenta na ƙara, zuciyarta na bugu kamar ta hau benen ofis da gudu. Ta ce wa Auta ai bayan ya miƙe akwai inuwarsa, ita ma takan ɗauki mako biyu. Auta ta ce to, ta ajiye waya. Washegari da hantsi sai ga ta babu sanarwa. Ta tarar da uwar zaune a tsakiyar tsakar gida, tsintsiya a hannu, shara rabi, tana numfashi da baki.

Ba ta ko gaishe ta ba. Ta durƙusa ta ja fatar idonta ƙasa, ta ga fari fat kamar takarda.

"Tashi, Mama. Asibiti."

"Ke, ba a fara sabon abu a irin wannan lokaci."

"Wane sabon abu? Jininki ne, shekara sittin da takwas yana jikinki. Tsohon abu za mu je mu gyara."

Goggo Halo ta ajiye tsintsiyar. Ta miƙa hannu aka ɗaga ta.

Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Maganin ciwon gwiwa da ta shekara tana sha ba da sanin kowa ba ne ya ci mata ciki, gyambon yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan. Aka ƙara mata jini leda biyu. Likitan, wani mai fara'a sa'an babban ɗanta, ya ce da an ƙara mako biyu da labarin ya sha bamban. A rana ta uku, da ya zo zagaye ya ga ta zauna har tana gyara wa ta gadon kusa ɗankwali, ya ja kujera.

"Mama, an ce tauraro ne ya hana ku zuwa da wuri."

Ta harari Auta, sannan ta yi masa bayani tiryan-tiryan yadda Yaya Babba ta yi mata. Ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba.

"Kun taɓa shiga jirgin ƙasa, Mama?"

"Ɗan nan, matar akawun tasha kake tambaya."

"To kun san in kuna zaune a ciki, jirgin da ke kusa da ku ya motsa, sai ku ga kamar ku ne kuke yin baya, alhali ba inda kuka je. Kusan haka abin yake. Shi yana zagaya rana, mu ma muna zagayawa, shi ya fi mu sauri. In ya zo wuce mu, sai idonmu ya ga kamar baya yake yi. Amma gaba yake tafiya, bai taɓa tsayawa ba."

Ta ce, "Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Mama."

Bayan ya fita ta juya fuska bango. Auta ta zaci haushi ta ji, amma Malam take tunani. Shekara talatin yana tsaye a bakin tasha yana ganin wannan abin kullum. Ko bai taɓa haɗa shi da tauraron ba ne, ko kuwa ya sani ya bar ta da abinta, ya ɗauki jakarsa ya tafi kasuwa? Babu wanda za ta tambaya. Hawaye suka gangaro mata har cikin kunne.

Ta koma gida da ƙarfinta, ta daina maganin gwiwar, ta bi abin da aka rubuta mata. Da sabuwar shekara ta shigo ba ta ja wa kalanda layi ba, kunya take ji. Sai dai shekarar ta zo mata wata iri. Kwanaki duk suka zama ɗaya, babu na gudu babu na hutu. Kwandon ɗinki ya cika ya tumbatsa, gwangwanin hotuna ya yi ƙura. In ta zauna haka kawai da rana sai ta ji kamar wani zai shigo ya tambaye ta dalili.

A shekarar ne wasu ma'aurata suka kama hayar ɗakunan da ke jikin nata. Mijin makaniki ne, matar tela, ga tagwaye 'yan wata bakwai. Tun asuba Goggo take jin keken ɗinki ta bango, in keke ya tsaya kuka ya tashi, in kuka ya tsaya tukunya ta kama. Wata safiya ta ga matar a bakin famfo ta jingina kai da bango, ruwa ya cika bokiti yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Goggo ta rufe famfon. Abu na farko da ta yi, ta ja fatar idonta ta duba. Jini lafiya lau. Gajiya ce zalla.

"'Yata, rabonki da barcin rana?"

"Goggo, tun kafin in haihu."

Da yamma da makanikin ya dawo, ya tarar da tagwayensa a kan tabarmar Goggo, ɗaya a cinya ɗaya yana cin gefen zanenta.

"Zauna, ɗana, magana za mu yi. Akwai wani tauraro, Uɗaridu. Daga jibi zai fara ja da baya har mako uku. A makonnin nan matarka ba za ta karɓi sabon ɗinki ba, na hannunta kawai za ta ƙarasa. Cefane kai ne. Yaran nan daga azahar zuwa la'asar nawa ne."

Ya sosa ƙeya da hannu mai baƙin mai. "Goggo, ni fa ban taɓa jin tauraro yana ribas ba."

"Ba ya yi. Likita ya tabbatar mini. Amma mako ukun nan sai an yi su."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar ɗakinsu inda matarsa take barci baki buɗe a kan tulin yadi. Ya miƙe ya karkaɗe wando.

"Ina jakar cefanen take?"