Akwati Huɗu na Malam Sharhabilu

Daga Allah muke, gare Shi kuma ka riga mu komawa, Malam Sharhabilu. Ranar Litinin, 14 ga Maris, 1977, na taso daga Utai, ina zaune kan bencin ɗakin hoto na asibiti ina jiran ka karɓi hoton ƙirjina, sai Gwadabe masinja ya ce mini tun da hantsi aka kai ka makwanci.

Kai ba likita ba ne. Aikinka jera hotunan marasa lafiya kafin likita ya zo daga Kano ran Laraba, ya duba abin da ya sawwaƙa, ya koma. Takardar ofis ta ce akwati huɗu: na ƙirji, na karaya, na ciki, na yara. Wanda ya rubuta ta, Allah Ya yi masa albarka, bai taɓa zaton bawan Allah ɗaya zai haɗa biyu ba, don haka bai faɗi wanne ke gaba ba. Likita da na ƙirji yake farawa. Na karaya kuwa, tun da kuɗin mai ya cika titi da motoci, sai a yi wata ba a ga gindinsa ba.

Ban manta da 'yar Safara'u ta Kausani ba, wadda ta faɗo daga jaki. Ga ta yarinya, ga karaya, ga tari. Ka saurari tarin ta taga, ka ɗora hotonta a saman na ƙirji. Shugabanka ya ce, "Malam, wannan kuma wace doka ce?" Ka ce, "Ranka ya daɗe, dokar yara, da ta karaya, da ta ƙirji, duka ukun naka ne. Na bi wadda ba ta iya jiran wata Larabar." Yarinyar tana nan da ranta.

Sau nawa aka roƙe ka ka rubuta yadda kake zaɓa? Kullum sai ka ce sai ka ji mutum tukuna. To, ka tafi da abinka.

Labaran, wanda ya gaje ka, mutumin kirki ne. Ya karanta cewa daga keke na faɗo, ya jefa ni akwatin karaya. Na ce, "Ɗana, tarin nan fa da jini yake fita." Ya ce, "Baba, takarda na bi." Ban ga laifinsa ba. Laraba biyu ke nan sun wuce, likita bai kai ga hotona ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa aljanna ce makomarka. Allah Ya ba matarka Saudatu da 'ya'yanka, Bilya da Lubabatu, haƙurin rashinka. Mu kuma idan tamu ta zo, tawa dai ina jin takunta a ƙirji, Allah Ya sa mu cika da imani.

Maikano Utai