Kwasar Ƙarshe ta Anti Vinette

Kowace Asabar, kafin shagunan Handsworth su gama buɗewa, Anti Vinette Gayle ta riga ta ɗora miyar kabewa, ta ja kujera bakin taga tana jiran masu zubi. Ita ce uwar adashen unguwar nan ta Birmingham, tun tana wanke-wanke a asibiti har ta yi ritaya. Mu 'yan Jamaika ba mu ɗauki adashe da wasa ba. Da shi iyayenmu suka sayi gidaje lokacin da banki ke duban fatarsu ya ce babu.

A al'ada, duk wanda ya kwasa yakan cire wa uwar adashe ɗan ladan wahala. Wasu hular zuwa coci suke saya da shi. Anti ba ta ƙara cin nata ba tun ranar da ta gamu a bas da 'yar maƙwabta wadda hukuma ta ba wasu Turawa riƙo. Mutanen kirki ne, amma ba wanda ya gaya musu fatarmu tana son mai. Yarinya ta yi furu-furu, gashi ya cukurkuɗe. Anti ta sauka tana kuka, ta ce, "Wallahi sai namu sun shiga aikin nan na ba da riƙon yara."

Namu kuwa suna shiga karatun aikin jin daɗin jama'a, gamawa ce ke gagara. Akwai watannin sanin makamar aiki, ba albashi, ba lokacin neman na abinci, tallafin gwamnati kuma ba kowa yake samu ba. A nan yaranmu ke zubewa, a nan Anti take tare su da ladanta. Lenworth Pryce, wanda yau ke shugabantar ofis guda, ya ce a gwangwanin biskit ta miƙa masa nasa tana cewa, "Ungo, mai ƙaton kai. In ka faɗi jarrabawa kada ka sake biyowa ta layin nan."

Anti, ke ce bankin da bai taɓa neman jingina ba. Ke ce kika yaye masu digiri alhali ba ki gama sakandare ba.

Sai dai adashen ya mutu, kuma muna kallo ya mutu. Masu zubi rabi suna maƙabarta, matasa kuma dariya suke, wai kuɗinsu na cikin waya. Waɗanda ta yaye katin Kirsimeti suke aiko mata, sai ka ce kati na biyan haya. Abin yana ƙona mini rai. Bana idonta ya yi rauni, ta ce wannan ne zagayen ƙarshe. Kwasar ƙarshe tata ce, kuma kowa ya san ta ware ta ne don a kai gawarta Jamaika, a binne ta kusa da mahaifiyarta.

Ana haka Kerisha Mullings ta zo, ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, da ɗanta ɗaya. Ba roƙo ta zo yi ba, sallama ta zo yi.

"Anti, na haƙura. Haya ta sha kaina, zan koma aikin shago."

"Ki koma ina? Zauna ki sha miya, kina magana kamar wadda yunwa ta taɓa wa kai."

Da Kerisha ta ga kuɗin kwasar da Anti ta tura gabanta, ta ja baya. "Haba Anti! Kuɗin komawarki gida ne fa."

"Gawa ta san jirgi ne? Ƙasa duk ƙasa ce, ta nan dai ta fi sanyi. Ku sa mini rigar sanyi. Ɗauki, kafin raina ya ɓaci."

Kerisha ta fara sanin makamar aiki a watan jiya. Anti kuwa ta je da kanta ta zaɓi wuri a maƙabartar gari, ta dawo gida, amma ranar ba ta ci abinci ba.

Mun gode, Anti Vinette, ko da yake godiyarmu ta zo da kunya. Ku da kuka ci daga gwangwaninta, da mu da muka tsaya kallo, wani ya tashi ya ɗauki ɗalibi ko da guda ne. Asabar da ta wuce wani yaro ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, an ce masa nan ake taimako. Ta zaunar da shi, ta zuba masa miya har da ƙari, ta kasa haɗa ido da shi, don ba abin da ya rage a gwangwanin.