Minti Biyar da Akwatin Haskensa

A shagon sayar da wayoyin da ke ƙasan dogon benen kusa da tasha, can lungu tsakanin kantar caja da ƙofar banɗaki, akwai wani ɗan tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da murfin kwalba. Mai teburin gyaran agogo yake yi, kuma kowa Minti Biyar yake kiransa, domin shekara talatin ke nan duk wanda ya kawo masa agogo sai ya ce ya dawo nan da minti biyar. Wasu sun dawo bayan sati. Akwai wanda ya yi aure har ya haihu kafin nasa ya tashi. Amma fa in ya tashi ya tashi ke nan, har jikoki sai sun gada.

Shagon na ƙanin matarsa ne, wani ƙosasshen mutum mai yawan dariya da ake kira Manaja. Tun da waya ta shigo da agogonta a goshi, sana'ar Minti Biyar ta fara numfashi sama-sama, har rumfarsa ta gagare shi riƙewa. Matarsa ce ta roƙi ƙanin nata ya ba shi lungun. Manaja ya bayar, amma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Kullum da safe sai ya leƙo ya tambayi Mijin Yaya gawa nawa ya tayar yau, ma'aikata su yi dariya, shi ma Minti Biyar ya taya su. Ya san Manaja ya daɗe yana auna lungun da ido, yana son kafa kabad ɗin gilashi na abin sauraron waya da ake sa wa kunne. Teburin nan kuwa shi ne abin da ya rage masa. Saboda shi yake goge takalmi da safe, ya rataya jaka, ya ce wa matarsa ya tafi aiki.

Yana da wata ɗabi'a da sana'a ta dasa masa. A wuyansa akwai ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, kuma duk abin da ya tsaya cak a duniya, rediyo ne, kwaɗon ƙofa ne, zif ɗin jaka ne, kafin ya yi tunani gilashin ya hau idonsa na dama, ya sunkuya har hancinsa ya taɓa abin. Matarsa ta rantse ya taɓa yi wa tukunya haka da ta ƙi tafasa.

Wata rana wani ya bar masa matacciyar na'urar faifai. Zaman banza ya sa ya kwance ta, ya iske wani ɗan ƙwayar abu mai fitar da jan haske, siriri kamar zare, wanda ake kira leza. Daga nan ya kamu. Shekara biyu yana shiga ɗakin ajiyar gidansa bayan ya dawo daga shago. Ya yanko 'yan madubai biyu daga faifan cikin tsohuwar kwamfuta, wanda ya fi madubin amarya ƙyalli. Ya manna ɗaya a kan fatar lasifika don ya yi rawa da kiɗa, ɗayan ya ɗora a kan ɗan injin tsohuwar rakoda don ya riƙa juyi. Ya zuba su duka a cikin gidan wani agogon bango, ya huda ƙofar da hasken zai fita. Idan ya kunna, zaren hasken ya bugi wannan madubi ya faɗa wancan, sai ga da'ira a silin, ta lanƙwashe ta zama fure, furen ya buɗe ya rufe.

Hasken ba ya nuna jikinsa a iska sai da hayaƙi, don haka yakan kunna maganin sauro mai hayaƙi shida a lokaci guda. Sauro ya ƙaurace wa layin gaba ɗaya, kyanwar gidan ma ta bi su. Ya san haɗarin abin sarai. Ya sayi baƙin gilashin masu walda, ya rubuta a jikin akwatin da jan fenti cewa kada a leƙa, kuma ko matarsa ba ya barinta shiga sai ta tsaya a bayansa.

Labarin ya kai kunnen Manaja daidai lokacin da shago zai cika shekara goma. Ya zo ya zauna a gefen teburin, ƙafar ta yi ƙara.

"Mijin Yaya, ka kawo akwatin nan ranar Asabar. In ya cika mini shago, teburinka na nan har ka gaji da shi. In bai cika ba, Litinin kafinta zai zo."

Minti Biyar ya ce to. Abin da bai ji ba shi ne yadda Manaja ya bi ma'aikatansa ɗaya-ɗaya yana cewa kowa ya cika wayarsa da caji, don za a ga abin dariya.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu aka sauke ƙofofin ƙarfe, aka toshe tagogi da kwalaye, aka kashe fanka. Mutane sun cika, galibi don kyautar riguna da aka ce za a raba. Matar Minti Biyar ta tsaya a bakin ƙofa da sabon mayafi. Shi kuma ya fito da gilashin walda a fuska, wani ya ce ga ƙuda ya zo, aka bushe da dariya, ana tarin hayaƙi. Ya kunna.

Dariyar ta mutu. Jan zare ya tsaga hayaƙin, ya bazu kamar tafin hannu a saman kawunan mutane, sannan fure ya buɗe a silin yana juyawa a hankali, yana kumbura duk lokacin da ganga ta buga. Mai shayin bakin titi ya tsaya da buta a hannu. Wata mata ta ɗaga ɗiyarta sama. Kusan minti uku babu wanda ya ce uffan, kuma Minti Biyar yana tsaye a bayan akwatinsa, ƙirji a buɗe, kamar wanda aka mayar wa shekara ashirin.

Shirun ne bai yi wa Manaja daɗi ba, don ba shi ya shirya ba. Soket ɗin da aka jona akwatin yana ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya taka makunnin.

Duhu ya rufe, kiɗa ya yanke. Wani daga baya ya ce a ba shi minti biyar, sai shagon ya ɗauka baki ɗaya, ana tafi ana maimaitawa, fitilun wayoyi sun haska shi ta ko'ina. Gumi ya keto masa. Ya taɓa wannan waya, ya girgiza waccan. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin: ya ture gilashin walda zuwa goshi, ya maƙala ɗan gilashin agogo a idon dama, ya zagayo gaban akwatin, ya sunkuya ya ɗora idon a ƙofar hasken. Manaja, wanda ke son kiɗan ya dawo ba zato ya firgita shi, ya sake taka makunnin.

Bai yi ihu ba. Ya ja da baya ya zauna daɓas a ƙasa, aka kwashe da dariyar da ta fi ta farko. Da tafin hannu a ido, ya ce a hankali a kashe soket, akwai yara a gaba. Matarsa kaɗai ta ji, ita ta kutsa ta fizge wayar daga bango.

Likitan ido ya ce tsakiyar idon ya ƙone, kuma gilashin ne ya tattara hasken wuri ɗaya. Gefe-gefe zai riƙa gani, amma duk abin da ya kalla kai tsaye, baƙin tabo zai zauna a kansa, kuma ba zai tashi ba. Manaja ya kai lemo asibiti, ya yi ta tsine wa wutar lantarki. Mutum biyar sun ga ƙafarsa, amma duk a wurinsa suke karɓar albashi.

Bidiyon da aka ɗauka da wayoyi ya zaga gari kafin a cire bandeji. Mutane suka fara shigowa shago suna tambayar ina tsohon nan. Manaja mutum ne mai cika alkawari: bai taɓa teburin ba, sai ma ya sa aka ɗauko shi daga lungu aka kafa a bakin ƙofa, aka ɗora akwatin a kai bayan an cire masa ƙwayar hasken. Masu zuwa kan roƙi Minti Biyar ya yi yadda ya yi a bidiyon don su ɗauki hoto, shi kuma ya tashi ya sunkuya. Kan hanyar fita wasu su sayi caja. Agogo kuwa, ya gwada da idon hagu, amma hantsaki sai ya kama iska a gefen ɗan notin.

Matarsa ta daina gaisawa da ƙaninta. Ta ce wa mijin ya zauna a gida, keken ɗinkinta zai riƙe su.

"Malam, dariya suke maka fa. Ba gyara suke kawowa ba."

"Na sani. To in ban je ba, da safe ina za ni?"

Bayan wata biyu bidiyon ya tsufa, wani ya fito na akuya a cikin banki, masu zuwa hoto suka ragu. Kafinta ya zo ya auna bakin ƙofa, yana ba Minti Biyar haƙuri ya ɗan ɗaga ƙafa. Da yamma Manaja ya dafa kafaɗarsa, ya ce jama'a na son sabon abu, ko akwatin zai gyaru a sake wani wasan ƙarshen wata.

"Kada ka ji tsoro, Mijin Yaya," ya ce yana dariya. "Ai da sauran ido ɗaya."

Ma'aikata suka yi dariya, Minti Biyar ya taya su kaɗan. Da aka tashi ya rungumi akwatin ya tafi da shi gida. Matarsa ta gan shi tun daga bakin layi, ta shiga ta kulle ɗakin ajiya, ta jefa makullin a cikin rigarta. Shi kuwa ya shimfiɗa jarida a baranda, ya ajiye akwatin, ya karkata kai gefe yana laluben noti na farko da ɗan yatsa.