Attajirin Kano da ban zama ba

Shekarun baya na yi wata wauta, kuma da gemuna na yi ta.

Mahaifina fataucin goro ne ya kawo shi Kumasi daga Kano, bai koma ba. Ni kuwa tela na zama a Asawase, keken ɗinki ɗaya, ciwon baya biyu. Duk ranar da ciniki ya ƙi, waƙata ɗaya ce: da Baba ya yi zamansa a Kano, da yanzu ni attajiri ne, da bene da direba. Har launin motar na zaɓa.

Abokina, malamin makarantar Islamiyya a Tafo, ya taɓa tsare ni. "Wannan na Kano da kake ta ba mu labarinsa, ka tabbata kai ne?"

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma na gyara zama kamar alƙali. Na ce, "Da motar haya ta trotro nake tuƙawa maimakon ɗinki, ni ne ko ba ni ba?" Ya ce ni ne. "Da wani suna aka raɗa mini fa?" Ya ce ni ne dai. Na ce to Kano ma gari ne kawai, a cire Kumasi a sa shi. Na ɗauka na kayar da malami.

Har yau ina juya tambayar. Me za a cire wa mutum ya zauna shi ne, me za a cire ya tashi babu shi? A lokacin ban lura da wadda nake cirewa ba.

Mahaifiyata 'yar Asante ce, a bakin tasha Baba ya gan ta tana sayar da koko da ƙosai. Shekaru tana jin waƙar nan tawa, ba ta taɓa tanka mini ba. Wata Juma'a na je gaishe ta, ta zuba mini shinkafa da wake, na fara ba ta labarin nasarata da baki cike. Na ce, "Maame, da Baba bai zo garin nan ba, da yanzu a mota zan kai ki asibiti."

Ta ajiye ludayi.

"Ka kai wa? Da ubanka bai zo ba, ni ina nan ina suyata, shi ya auri Bakanuwarsa. Mai benen nan ɗan wata ne, ban san shi ba. Kai kuma babu kai, ba a Kano ba, ba a nan ba. Ci abincinka."